Kan Fayil da Kan Imel: Lacca ga Masu Rubuta Manhaja



  

Abin da zan yi magana a kai yau ƙarami ne a ido. Shi ne ɗan bayanin nan da ke zuwa a farkon fayil ko a farkon saƙon imel kafin a kai ga gangar jikinsa, wato kai, wanda masu sana'ar ke kira heda. Mai amfani da kwamfuta ba ya ganinsa, ɗalibai da yawa kuma suna gama karatu ba su taɓa buɗe shi ba. Amma duk manhajar da za ta karɓi fayil ko saƙo, da shi take fara cin karo, kuma abin da ya faɗa mata shi take bi. Maganata ɗaya ce: kai iƙirari ne da wani ya rubuta game da abin da ke biye da shi. In karanta shi za ka yi, kada ka gaskata shi sai ka tabbatar. In gyara shi za ka yi, ka san duk abin da ke rataye da shi kafin ka taɓa harafi ɗaya.

Na farko: me ke rubuce a kan fayil?

Da yawanmu mun ɗauka wutsiyar sunan fayil ce ke nuna irinsa, .jpg ko .pdf ko .docx. Wutsiya suna ce kawai, kowa na iya canza ta. Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin bayit na farko-farko. Fayil ɗin PDF yana farawa da %PDF-. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF a lissafin sha shida. Manhajar Windows tana farawa da MZ, haruffan farko na sunan Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin injiniyoyin Microsoft da suka yi aikin MS-DOS. Fayil ɗin ZIP yana farawa da PK, daga sunan Phil Katz. Ku je ku buɗe takardar Word ta .docx da manhajar duba bayit, PK za ku gani, domin ZIP ce aka ɗura wasu fayiloli a ciki.

Ina so mu tsaya a kan PNG, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1996, domin ban san wani kai da aka ƙera da natsuwa irin tasa ba. Bayit takwas ne: 89 50 4E 47 0D 0A 1A 0A. Na biyu zuwa na huɗu haruffan P, N, G ne. Sauran fa, me ya kawo su? A wancan zamani akwai hanyoyin sadarwa da ke ɗaukar bit bakwai kawai, suna zubar da na takwas. To 89 yana da wannan bit na takwas a kunne. In hanya ta zubar da shi, nan take za a gane. 0D 0A ƙarshen layi ne irin na DOS, 0A na ƙarshe kuma ƙarshen layi ne irin na Unix. In wata manhaja ta ɗauki hoton a matsayin rubutu ta canza ƙarshen layukansa, ɗayan biyun zai sauya, a san an lalata fayil. 1A kuwa shi ke tsayar da DOS idan mutum ya ce a zubo fayil ɗin a allo, don kada shirme ya cika masa fuska. Kun gani? Waɗanda suka tsara shi sun zauna sun lissafa hanyoyin da fayil ke lalacewa a tafiya, suka ɗana wa kowace tarko a bayit takwas.

Na biyu: gyaran kan fayil.

Nan ne ɗalibai suka fi yi wa abu riƙon sakainar kashi. Mu ɗauki fayil ɗin sauti na WAV. A siffarsa mafi sauƙi kansa bayit 44 ne. Yana farawa da RIFF, sai bayit huɗu a gurbi na 4 masu faɗin girman abin da ya rage na fayil, sai WAVE. A gurbi na 24 akwai yawan samfurin sauti a kowace daƙiƙa, a na 28 yawan bayit a kowace daƙiƙa, a na 40 kuma girman sautin kansa. Idan samfurin 44100 ne, lambar a lissafin sha shida AC44 ce, amma in ka duba fayil ɗin 44 AC 00 00 za ka tarar, domin WAV ƙaramin bayit yake fara rubutawa. PNG akasin haka yake yi, babba yake sawa gaba. Wanda bai san wannan ba zai karanta lamba a juye, ya rubuta ta a juye.

A ce ka canza 44100 ya koma 22050, ba ka taɓa komai ba sai wannan. Sautin yana nan yadda yake, amma manhaja za ta gaskata kai, ta karanta shi da rabin sauri, muryar yarinya ta koma ta ƙato. Ga gurbi na 28 kuma ka bar shi da tsohuwar lamba, kai yana ƙaryata kansa.

Akwai fa'ida a sanin wannan da ta shafe mu kai tsaye. Manhajojin naɗar sauti da yawa ba sa cike gurbin girma sai an danna tsayawa, domin kafin nan ba su san tsawon abin da za a naɗa ba. To ana cikin naɗar wa'azi ko hira wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu. A kunna fayil, manhaja ta ce babu komai, alhali ga shi yana da nauyi. Sautin bai ɓata ba, lambar girma ce ba a rubuta ba. Wanda ya san kai zai lissafa girman fayil, ya cike gurbi na 4 da na 40, aikin awa biyu ya dawo. Wanda bai sani ba zai goge shi yana salati.

PNG ya fi haka tsauri. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana ɗauke da tsawonta a gaba da lambar tantancewa ta CRC a baya. Ka canza faɗin hoto a gunduwar IHDR ba ka sake lissafa CRC ba, manhajar kirki za ta ƙi buɗe shi. Wasu fayilolin kuma, irin su TIFF da bayanan EXIF na hoto, cike suke da lambobin da ke nuna gurbin da wani abu yake. Ka cusa bayit ɗaya a gaba, duk abin da ke baya ya gusa, nunin ya koma kan wurin da ba shi ba.

Ko fayil ɗin rubutu ma bai tsira ba. A Unix, idan fayil ya fara da #! tsarin yana duba sauran layin don ya san wace manhaja za ta gudanar da shi. Shekaru da dama Notepad na Windows, in ka ajiye rubutu a UTF-8, sai ya sa bayit uku a gaba, EF BB BF, waɗanda ido ba ya gani. Da zarar sun shiga, #! ya daina zama farko, fayil ya ƙi tashi. A PHP kuma waɗannan bayit uku sukan fita zuwa ga mai buɗe shafi kafin manhajarka ta aika nata kan, sai ka ga kuskure yana cewa an riga an aika heda. Mutum zai kwana yana neman laifi a rubutunsa, alhali laifin yana gaban harafin farko.

Shawarata a nan gajera ce. Buɗe fayil a matsayin bayit, ba rubutu ba. Kada ka yi gyara a kan na asali. Rubuta sabon fayil na wucin gadi, ka duba ya buɗu, sannan ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. In akwai laburaren da ya san tsarin fayil ɗin, yi amfani da shi.

Na uku: siffar kan imel.

Imel ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin nan. A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo daga kwamfuta zuwa kwamfuta a ARPANET a Amurka, shi ne kuma ya zaɓi alamar @. A 1982 aka fitar da takardu biyu da har yau a kansu ake: RFC 821 ta Jon Postel, mai bayanin yadda ake miƙa saƙo tsakanin sabar da sabar, wato SMTP, da RFC 822 ta David Crocker, mai bayanin siffar saƙon. An sabunta ta biyun a 2001, aka sake a 2008 da RFC 5322.

Siffar tana da sauƙi har takan yaudari mutum. Kowane layi suna ne, sai ɗigo biyu, sai ƙima. Layi na farko da ya zo babu komai a cikinsa, nan kai ya ƙare, jiki ya fara. Layuka biyu ne kawai wajibi, Date da From. Ɗalibi yakan dubi wannan ya ce ai a minti goma zan rubuta abin da zai karanta shi. Zai rubuta, zai kuma yi aiki a saƙon gwajinsa. To me zai faru ran da layi ya yi tsawo? Ƙa'ida ta hana layi wuce haruffa 998, ta kuma so kada ya wuce 78, saboda haka ana naɗe dogon layi: a karya shi, ci gabansa ya fara da fili. Manhajar ɗalibinmu za ta ɗauki ci gaban a matsayin sabon layi marar suna. Sannan babba da ƙaramin harafi duk ɗaya ne a sunayen, SUBJECT da Subject abu guda ne. Sannan wasu sunayen suna maimaituwa. Received kan zo sau da yawa a saƙo ɗaya, wanda ya zuba su a ma'ajin da ke riƙe ƙima ɗaya ga kowane suna ya zubar da saura. A tsohon tsarin laburaren imel na Python ma, in ka sa Subject a saƙon da ke da shi, ba maye gurbi yake yi ba, na biyu yake ƙarawa. Sai ka share tsohon da kanka.

Ku kula da Bcc. Amfaninsa shi ne kada sauran masu karɓa su san an aika wa wane. Idan manhajarka ta rubuta shi a kai ta kuma miƙa saƙon ba ta cire shi ba, tana iya tona asirin da aka ba ta amana. A Python, send_message yana cire shi, sendmail kuwa abin da ka ba shi shi yake aikawa.

Na huɗu, kuma nan zan ɗan daɗe, domin namu ne: haruffan Hausa.

An gina kan imel a kan ASCII, mai alamomi 128, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu ke sa 'y. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, wanda ya ba jikin saƙo damar ɗaukar wasu haruffa da hotuna da fayiloli. A shekarar ce kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8. Amma layin Content-Type da ke cewa jikin saƙo UTF-8 ne, jiki kawai ya shafa. Bai ce komai game da Subject ko sunan mai aikawa ba. Nan mutane da yawa ke faɗawa: jikin saƙo ya fito tsaf, kan magana ya fito a dagule.

Mu duba da kyau. A UTF-8, ƙ bayit biyu ne, C6 99. Manhajar da ta karanta su da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai za ta ga haruffa biyu, Æ da ™. Haka ɗ, wato C9 97, yake komawa É da dogon layi. Duk wanda ya taɓa samun saƙo an rubuta Æ™asa maimakon ƙasa, abin da ya faru ke nan. Ba wayarsa ce ta lalace ba, wani mai rubuta manhaja ne bai yi aikinsa ba.

Maganin yana cikin RFC 2047. Kan magana irin "Sanarwar ƙungiya" ana rubuta shi haka:

=?UTF-8?Q?Sanarwar_=C6=99ungiya?=

Farko sunan tsarin haruffa, sai Q mai nuna salon da aka bi, sai rubutun, inda layin ƙasa ke tsayawa a madadin fili, =C6=99 kuma shi ne ƙ ɗinmu. Kowane irin wannan ƙunshi ba ya wuce haruffa 75. Idan kan magana ya fi haka sai a raba shi ƙunshi biyu, kuma ƙa'ida ta hana a raba harafi ɗaya tsakanin ƙunshi biyu. Wanda ya yi yanka da ƙidayar bayit kawai, wata rana wuƙarsa za ta faɗa tsakanin C6 da 99, ƙ ya rabe biyu, mai karatu ya ga alamar tambaya. Mai gwada manhajarsa da Turanci kaɗai ba zai taɓa ganin wannan kuskure ba, domin kowane harafinsa bayit ɗaya ne. A 2012 an fitar da RFC 6532 mai ba da damar sa UTF-8 kai tsaye a kai, sai dai sai sabobin da ke hanya sun yarda da shi, saboda haka tsohon salon bai tafi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka saba da asara. Mutum ya ga ƙ yana dagulewa, sai ya daina rubuta shi, ya koma k. Ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ɗaki ya zama daki. Muna gyara harshenmu don ya dace da kuskuren manhaja, alhali manhajar ce ke buƙatar gyara, kuma gyaran bai fi layi biyu ba. Ina roƙonku, duk manhajar da za ku rubuta mai aika imel, ku gwada ta da suna mai ƙ da ɗ, da dogon kan magana cike da su. In ba ku kuka gwada ba, wa zai gwada?

Na biyar: From ba shaida ba ne.

Wasiƙa tana da ambulan, tana da takardar ciki. Ma'aikacin gidan waya ambulan yake dubawa, abin da aka rubuta a saman takardar ciki ba ruwansa da shi. A SMTP, ambulan shi ne umarnin MAIL FROM da RCPT TO da sabar ke faɗa wa 'yar'uwarta. From da To da kuke gani a allo suna cikin takardar, mai aikawa ne ya rubuta su da hannunsa, kuma ƙa'idar 1982 ba ta tanadi mai tantance su ba. Da wannan ƙofa 'yan damfara ke shigowa da sunan banki ko shugaban ma'aikata.

Kowace sabar da saƙo ya ratsa tana ƙara layin Received a sama. Don haka daga ƙasa ake karanta su zuwa sama in ana son bin sawun tafiyar. Amma a lura: na sama, waɗanda sabarka ta rubuta, su ne abin dogaro. Na can ƙasa mai aikawa na iya ƙirƙirarsu tun kafin saƙon ya bar hannunsa.

An zo da matakai uku don toshe ɓarakar. SPF yana bai wa mai yankin suna damar bayyana sabobin da ya yarda su aika da sunansa, kuma ambulan yake dubawa. DKIM, wanda ƙa'idarsa ta yanzu ta fito a 2011, sa hannu ne na lissafi a kan jikin saƙo da wasu zaɓaɓɓun layukan kai. DMARC, na 2015, shi ke tambaya ko yankin da ke cikin From ɗin da mutum ke gani ya dace da wanda SPF ko DKIM ya tabbatar. Daga Fabrairun 2024, Google da Yahoo sun wajabta waɗannan ga masu aika saƙo da yawa. A wajen Google, wanda ke aika kusan 5,000 a rana ya shiga wannan sahu.

Ina wannan ya haɗu da gyara? A ce an sa ka rubuta manhajar da za ta karɓi saƙo ta ƙara wata kalma a gaban Subject ta tura gaba. Subject na cikin layukan da aka saba sa wa hannu. Ka taɓa shi, sa hannun ya karye, saƙon gaskiya ya faɗa kwandon shara ko a mayar da shi. A salon DKIM mai tsauri, ko fili ɗaya ka ƙara ko ka sake naɗe layi ya isa. Daidai yake da abin da muka gani a CRC na PNG. In dole ne ka ƙara bayani, ƙara sabon layi naka a sama, ka bar na mutane yadda ka same su.

Na shida: idan maƙiyi ne ke rubuta kan.

Ku ɗauki fom ɗin "tuntuɓe mu" da ke shafuka da yawa. Baƙo ya rubuta adireshinsa, manhaja ta manna shi a bayan From ta aika. Idan baƙon ya sa alamar ƙarshen layi a bayan adireshin, ya biyo da Bcc da adireshi ɗari fa? Manhajarka ta zama mai rarraba masa saƙon banza da sunanka. In ya sa ƙarshen layi biyu, ya rufe kan ke nan, jikin saƙon ma shi zai rubuta. Duk ƙimar da ta fito daga waje mai ɗauke da 0D ko 0A, ƙin ta ake yi, ba a lallaɓa ta. Django yana jefa kuskure a irin wannan hali, sabon tsarin laburaren Python ma haka. Wanda ya haɗa kai da hannunsa ta hanyar manna rubutu ya raba kansa da wannan kariya.

A Satumbar 2001 tsutsar kwamfuta mai suna Nimda ta haɗa darussan yau biyu wuri ɗaya. Tana zuwa a imel da fayil mai suna readme.exe, amma layin Content-Type yana cewa sauti ne irin na WAV. Wasu nau'o'in Internet Explorer, wanda Outlook ke amfani da shi a lokacin wajen nuna saƙo, sun gaskata kan, suka ce sauti ba shi da haɗari, suka buɗe shi ba tare da tambaya ba, Windows kuma ya gudanar da shi a matsayin manhaja. Fayil ɗin da MZ ya fara, ba da RIFF ba. Bayit biyu na farko sun isa su ƙaryata shi.

Jon Postel yana da wata shawara da ta shahara, cewa mutum ya tsananta a abin da yake aikawa, ya sassauta a abin da yake karɓa. Ta taimaka wa intanet ya yaɗu lokacin da masu amfani da shi kaɗan ne kuma sun san juna. Ni ina tare da rabinta na farko ɗari bisa ɗari. Rabi na biyu kuwa, a ganina, yau yana buƙatar taka-tsantsan. Idan sabobi biyu suka sassauta ta hanyoyi daban, kowace ta fahimci saƙo ɗaya da ma'ana daban, a tsakaninsu ɓarawo ke wucewa. A Disambar 2023 wani mai bincike, Timo Longin, ya nuna haka: wasu sabobi suna karɓar alamar ƙarshen saƙo da ba ta cika ƙa'ida ba, wasu ba sa ɗaukarta a matsayin ƙarshe, sai a ɓoye saƙo na biyu na jabu a cikin na farko, ya wuce da tabbacin SPF na sabar da ta aiko shi. Fiye da shekara arba'in bayan RFC 821, ana nan ana rigima a kan 0D da 0A. Saƙon da ya zo da From biyu, ko fayil ɗin da kansa ya ce yana da girman da ya fi na gaskiya, ni dai ra'ayina a ƙi shi, kada manhaja ta yi masa hasashen abin da yake nufi.

Kafin mu tashi ina ba ɗalibai aiki. Yau da dare ku buɗe wani saƙo a Gmail a kwamfuta, ku zaɓi a nuna muku asalinsa, ku bi layukan Received daga ƙasa zuwa sama, ku nemo sakamakon SPF da DKIM. Sannan ku aika wa kanku saƙo mai ƙ a kan magana, ku ga yadda aka rubuta shi a ciki.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.  Duk mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, fili nasa ne.